Amsoshin Tambayoyinku: Maganin Riƙe Fitsari da Zafin Sakkwato

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau wasiƙu uku muka ware wa Likita, kuma duk a kan magani iri ɗaya suke. Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Mabera. Ta ce fitsari ke matsa mata ba shiri, ko alwalar Magariba ba ta kai ta Isha'i. An rubuta mata oksibutinin, fitsarin ya lafa, amma bakinta ya bushe ƙamas, bayan gida kuma sai da yaƙi. Ko maganin ne bai karɓe ta ba?

Likita: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Maganin ya karɓe ki, aikinsa ne ya wuce inda aka aike shi. Akwai wani sinadari a jiki, asitilkolin, shi ne ɗan saƙon da jijiya ke tura wa tsokar mafitsara cewa ta matse. Oksibutinin da 'yan uwansa, irin su tolterodin da solifenasin wanda ake sayarwa da sunan Vesicare, tare wannan saƙon suke yi. To shi dai wannan sinadarin ne ke sa yawu ya tsatso, hanji ya motsa, zufa ta fito, ido ya daidaita gani. Shi ya sa ake samun bushewar baki, taurin bayan gida, dishi-dishin gani, wasu kuma bugun zuciya ya ƙaru.

Ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ki kula da asuwaki, don bakin da ba yawu haƙoransa saurin lalacewa suke yi. Ki yawaita zogale, alayyafo, wake da kankana. Ki kuma rage shayi, kofi da goro, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu tsokanar mafitsara yake yi. Na san batun goro ba zai yi wa wasu daɗi ba, amma gaskiya ce. Idan bushewar ta gagara, ki koma wurin wanda ya rubuta miki. Ana iya rage yawansa, ko a canza miki nau'in da ke narkewa a hankali, wanda ake sha sau ɗaya a yini.

Mai gabatarwa: Ta biyu daga wani ɗan kabu-kabu ce a Runjin Sambo. Ya ce tun da ya fara shan maganin ya daina zufa, ko da tsakar rana, har yana murna. Ya kuma rage shan ruwa don kada fitsari ya dame shi a hanya.

Likita: Malam, wannan ce wasiƙar da ta fi tayar mini da hankali. Ka bar murna. Zufa ita ce hanyar da jiki ke fitar da zafi, kuma a garin nan watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Mutum na kan babur, rana na dukansa, zufa ba ta fita, ga shi ya hana kansa ruwa, to zafin cikin jiki zai yi ta hawa. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, fata ta yi zafi ta bushe. Daga nan sai rikicewar tunani da suma, kuma yana iya kai wa ga rasa rai. Takardar da ke cikin kwalin maganin ta yi wannan gargaɗi, sai dai a taƙaice. Mu nan shi ne kan gaba.

Duk wanda aka ga ya shiga wannan hali, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Rage ruwan ma ba dabara ba ce, domin fitsarin da ya yi kauri ya fi tsikarar mafitsara. Ka sha ruwanka da rana, ka rage shi gab da kwanciya. Manoma, magina da masu azumi a lokacin bazara, ku gaya wa likita irin aikinku kafin ya rubuta.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Wurno. Wani ya ce mahaifinsa mai shekara 74 ya fara maganin, bayan mako guda ya koma yana mantuwa, yana kiran sunayen waɗanda suka rasu, yana gyangyaɗi da rana. 'Yan uwa na cewa tsufa ne, wasu na cewa iska.

Likita: Allah ya ba Baba lafiya. Tsufa ba ya saukowa cikin mako guda. Duk dattijon da ya rikice bayan fara sabon magani, maganin za a fara tuhuma. Oksibutinin yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, ita ma da asitilkolin take aiki, shi ya sa ni ba na son ba tsofaffi shi. Ku dakatar da shi, ku kai Baba asibiti yau, ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya. Piriton na mura, Buscopan na ciwon ciki, amitiriftilin da wasu ke sha don barci, duk aikinsu ya yi kama, idan suka haɗu illar taruwa take yi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Nottingham da ke Ingila sun gano alaƙa tsakanin daɗewa ana shan irin waɗannan magunguna da cutar mantuwa.

Ku kuma lura ko fitsarinsa na fita sosai. Dattijon da ke da kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, maganin na iya toshe masa fitsari gaba ɗaya, mara ta kumbura, wannan kuwa na gaggawa ne. Mai hawan jinin ido ma sai likitan ido ya amince, don akwai nau'in da maganin ke tayarwa farat ɗaya.

Akwai mafita. Wani maganin riƙe fitsarin, turosfiyam, bai cika shiga ƙwaƙwalwa ba. Mirabegiron kuma wata hanya yake bi daban, sai dai yana iya ɗaga hawan jini, don haka ana aunawa. Kafin duk wannan, a gwada sukarin Baba a kuma duba fitsarin ko akwai ƙwayoyin cuta, domin su ma suna kawo yawan fitsari, kuma wannan maganin ba ya warkar da su. Sashen mafitsara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na duba irin wannan.

Mai gabatarwa: Likita, mun gode. Mai tambaya kan yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, ki yi haƙuri, taki daban ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.