Shin ƙungiyar ƙwadago ce ta kashe Pontiac?

Pontiac Vibe mota ce da duk mai bin titunan Kano ko Kaduna ya saba gani, alhali kamfanin General Motors ya rufe tambarin Pontiac tun 2010. Wata amsa da ke yawo a intanet kan dalilin rufewar ita ce ƙungiyar ƙwadago ce ta kashe shi. A ganina maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an ɗora ta inda ba muhallinta ba.

An fara ƙera Pontiac a 1926, kuma ta yi tashe a wajen samarin Amurka da samfurin GTO a 1964 da na Firebird a 1967.

Ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta UAW kuwa ta samar wa 'ya'yanta fansho da kuɗin asibiti har bayan ritaya, kuma daga 1984 zuwa 2009 ma'aikacin da aka dakatar saboda ƙarancin aiki yakan ci gaba da karɓar kusan kashi 95 cikin ɗari na albashinsa. A 2005 kamfanin General Motors ya ce kula da lafiya kaɗai na ƙara kimanin dala 1,500 a kan kowace mota. Nauyi ne na gaske, babu musu.

To, a nan ne ake tuntuɓe. Wannan nauyi a wuyan kamfanin gaba ɗaya yake, bai ware Pontiac ba. Ku dubi waɗannan motoci biyu gefe da gefe, Chevrolet Cobalt da Pontiac G5, dukansu na General Motors: masana'anta ɗaya ce ta fitar da su a Lordstown ta jihar Ohio, ma'aikata ɗaya, yarjejeniyar albashi ɗaya, kuma bambancinsu bai wuce gaban mota da fitilu da tambarin da ke kan sitiyari ba. Da tsadar ma'aikata ce ke zaɓen wadda za a kashe, da Chevrolet ma ba ta tsira ba. Shugabannin kamfanin ne suka mayar da Pontiac kwafin 'yar'uwarta, suna biyan kuɗin talla da na dillalai sau biyu a kan mota ɗaya, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici.

Da tattalin arziki ya durƙushe a 2008, gwamnatin Amurka ta ba kamfanin rance bisa sharaɗin a rage kashe kuɗi. Ranar 27 ga Afrilu 2009 aka sanar da rufe Pontiac, kamfanin ya riƙe tamburansa na Chevrolet da Cadillac da Buick da GMC. Pontiac ta fi Buick ciniki a Amurka, amma Buick tana da babbar kasuwa a Sin, ita kuma GMC tana kawo riba da manyan motoci.

Ita Vibe ɗin nan tagwayen Toyota Matrix ce, an haɗa ta a Fremont ta jihar Kalifoniya da hannun 'yan UAW, shi ya sa bakanikenku yake ɗaura mata kayan Toyota su zauna daram.