Ɗumame a kan mumbari: fasto da lokacin shirya wa'azi

Wani dattijon fasto ne ya gabatar da wannan lacca ga fastoci da masu bishara na gundumarsu. An rubuto ta daga faifan murya, an rage gaishe-gaishen farko.

'Yan'uwana masu hidima, ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikilisiyar Urushalima ta yi yawa, sai gunaguni ya tashi: gwaurayen masu jin Helenanci ba sa samun rabonsu na abincin yau da kullum. Magana ce ta yunwa, ba ta wasa ba. Amma manzannin ba su ɗauki kwano da ludayi sun shiga rabo ba. Cewa suka yi a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin, su kuwa su duƙufa ga addu'a da hidimar Magana. Ba raina aikin suka yi ba, ai mutum kamar Istifanas aka sa a kansa. Sun dai san kayan da in suka sauke, babu mai ɗauka.

To mu fa? Litinin jana'iza, Talata sasanta mata da miji, Laraba taron addu'a, Alhamis kwamitin gini, Juma'a a goya mara lafiya a babur zuwa asibiti. Da damina ga gona, domin albashin ba ya kai ƙarshen wata. Sai daren Asabar, bayan mawaƙa sun watse, fasto ya jawo Littafi Mai Tsarki yana gyangyaɗi, yana laluben ayar da za ta fid da shi kunya gobe.

Na yi wannan rayuwa a ikilisiyata ta farko, a wani ƙauye. Wata Lahadi, ina tsaye a bakin ƙofa muna gaisawa bayan sujada, wata tsohuwa daga zumuntar mata ta riƙe hannuna. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta fashin sujada, kuma sai ta yi tafiyar kusan awa guda a ƙasa kafin ta iso. A hankali ta ce, "Baba Fasto, yau ɗumame ka ba mu." Ba ta ƙara kome ba. Wa'azin da na yi musu watanni kaɗan baya ne na sauya wa aya, kuma ta gane. Na koma gida na kasa cin abinci, domin matar nan ba ta da wata hanyar jin Maganar Allah sai bakina.

Ku tuna fa, wannan Littafi da ke hannunmu bai zo da arha ba. Sai a 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, bayan Likita Mila, Baturen mishan na Zariya, da abokan aikinsa sun yi shekaru suna fama da shi kalma bayan kalma. Iyayenmu da suka je makarantun Littafi a Kagoro da Gindiri, da na Tsibiri kusa da Maraɗi, da yawansu da matansu da 'ya'yansu suka tafi, suna noma suna karatu. Mu da muka tarar da shi a gama, me zai sa mu ba shi ragowar ƙarfinmu?

Ezra 7:10 ta jera abin yadda ya kamata: Ezra ya sa zuciyarsa ga nazarin Shari'a, da aikata ta, sannan koyar da ita. Koyarwa ce ta ƙarshe. Shi ya sa nake roƙonku ku san nassinku tun ranar Litinin, domin ya sami kwanakin da zai yi aiki a kanku kafin ku ɗora shi a kan wasu. Ku karanta shi da ƙarfi, da Hausar da za ku yi wa'azi da ita, sau da yawa. Ku duba abin da ke gabansa da abin da ke bayansa.

Ga misali. Sau nawa muka ji Filibiyawa 4:13, cewa zan iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, ana yi wa mutane alkawarin mota da cin jarrabawa da ita? Ku koma aya 11 da 12. Bulus yana kurkuku, yana maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da kuma yunwa, da yalwa da rashi. Manomin da fari ya cinye wa gero yana zaune a gabanka, ayar tasa ce, amma ka ƙwace masa ita domin ba ka karanta layi biyu na sama ba. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Haka kuma wa'azin waya. Ka saurari mai wa'azin Amurka a YouTube, ka juya shi da Hausa, ka hau mumbari. Shi bai san mutanenka ba, bai san wadda ta binne ɗanta makon jiya ba. A Nehemiya 8:8 Lawiyawa sun karanta Littafin a fili, suka bayyana ma'anarsa har jama'a suka fahimta. Su da jama'ar tare suke, wuri ɗaya.

Abin da na yi bayan maganar tsohuwar nan shi ne, na tara dattawa na gaya musu gaskiya. Muka raba unguwanni, suka ɗauki yawancin ziyara da sasanci. Safiyar Talata da ta Alhamis suka zama na nazari: ina shiga majami'a in rufe ƙofa har rana ta take, ba a kirana sai in rai ne a bakin mutuwa. Wasu sun yi ƙorafi da farko, suka ce fasto ya fara girman kai. Na kuma daina tsallen ayoyi, na ɗauki Markus daga sura 1 har 16. Bin littafi a jere yana hana ka guje wa nassin da ba ka so, yana kuma hana ka fakewa da mumbari ka jefi wanda ya ɓata maka rai.

Yanzu za mu tashi shan ruwa. In mun dawo, kowa ya zo da takarda da biro. Za mu ɗauki Markus 4:35 zuwa 41, inda Yesu ya tsawata wa hadari, kowa ya rubuta mini a layi ɗaya abin da Markus yake so mu sani game da Yesu a wurin.