Turken sabis ya san inda wayarka take?

Hadiza: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Bashir da kuma Nura, za mu yi magana kan yadda ake gano inda waya take ta hanyar turakun sabis, wato dogayen ƙarafunan da kamfanonin waya ke kafawa. Malam, mutane da yawa sun ɗauka da zarar sun kashe GPS, shi ke nan sun ɓace wa kowa.

Malam Bashir: Ina! Hanya biyu ce daban, Hadiza. A GPS, wayar ce take sauraron taurarin ɗan'adam ta lissafa wa kanta inda take, kuma a fili kuskurenta 'yan mitoci ne. Shi kuwa turke, dole waya ta riƙa sanar da shi tana nan. In ba haka ba, in aka kira ki ina kamfani zai tura kiran? Ko ƙaramar waya mai maɓalli haka take yi.

Nura: To Malam, kamfanin zai iya nuna gidan da nake ciki?

Malam Bashir: Sau da yawa a'a. Galibin turaku eriyoyinsu kashi uku ne, kowane kashi yana fuskantar digiri 120. Abin da ke shiga rajistar kamfani shi ne turke kaza, fuska kaza, ƙarfe kaza. A tsakiyar birni, inda turaku suke kusa da juna, wannan zai iya zama 'yan ɗaruruwan mitoci. A karkara kuwa turke ɗaya yana ɗaukar kilomitoci, a tsarin GSM na asali, wato 2G, har kilomita 35.

Nura: Ba a auna nisa?

Malam Bashir: Ana aunawa, da ɗan lokacin da saƙo ke ɗauka kafin ya iso. Amma a GSM kowane mataki na awon nan kusan mita 550 ne. Abin da zai fito maka a taswira yanki ne mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, wayar tana wani wuri a cikinsa. 4G da 5G sun fi haka kaifi sosai, kuma in turaku uku suka auna a lokaci guda, yankin yakan tsuke. Sai dai tsohuwar rajistar kira da ake kai wa kotu yawanci turken da ya ɗauki kiran kawai take nunawa.

Nura: Wato wanda ya fi kusa da ni.

Malam Bashir: Nan ne mutane suke faɗawa rami, har da masu bincike. Waya tana bin siginar da ta fi mata kyau ne. Dogon bene zai iya tare turken da ke bayan gidanka, sai ta kama wani can nesa. Sigina tana tafiya sosai a kan ruwa, don haka kana wannan gaɓar kogi, a rubuce kana waccan. In turke ya cika da masu kira, sai a miƙa ka ga maƙwabcinsa. Kana zaune wuri ɗaya ba ka motsa ba, rajista ta nuna turaku biyu ko uku.

Hadiza: Ni abin da ya faru a Denmak a 2019 har yanzu yana damuna. An gano manhajar da 'yan sanda ke sarrafa bayanan kamfanonin waya da ita tana zubar da wasu layukan bayanan, wasu wayoyin kuma an jingina su ga turakun da ba su ba ne. Sai da aka sake duba shari'u sama da 10,000, aka dakatar da amfani da irin wannan hujja na wata biyu, aka saki mutum 32 daga tsare. Ka duba fa, alƙali yana ganin taswira mai launi a gabansa, ya ɗauka na'ura ba ta kuskure.

Nura: Amma Yaya Hadiza, bari in tsaya a ɗaya ɓangaren. In abin bai da kaifi haka, me ya sa ake kukan sirri? Wanda bai san gidana ba, me ya sani?

Hadiza: Ya san maimaici, Nura. Bayani ɗaya a rajista ba ya faɗin komai. Amma turken da wayarka take kwana a ƙarƙashinsa kullum, gidanka ke nan. Wanda take wuni a ƙarƙashinsa, wurin aikinka. Ranar da ta je unguwar asibiti ta daɗe, da daren da ba ta kwana gida ba, da wace waya ce take yawan tafiya tare da ita, duk suna nan a rubuce. Akwai ɗan siyasar Jamus, Malte Spitz, da ya kai kamfanin Deutsche Telekom kotu ya karɓi bayanansa na wata shida. Layukan bayanai sama da 35,000 aka ba shi. Da jaridar Zeit Online ta ɗora su a taswira a 2011, sai ga shi ana bin sa jirgin ƙasa bayan jirgin ƙasa, ana ganin lokacin barcinsa da na tashinsa.

Nura: In aka cire suna fa?

Malam Bashir: An gwada. A 2013 masu bincike sun nazarci bayanan mutum miliyan ɗaya da rabi na wata 15, babu suna ko ɗaya. Suka ga wuri huɗu kacal da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen, kowa shi kaɗai. Kuma da bayanan turke aka yi wannan, ba GPS ba.

Hadiza: Shi ya sa hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 a shari'ar wani mutum mai suna Carpenter yake da nauyi a wurina. Hukuma ta karɓi bayanan wayarsa na kwana 127, wurare kusan 13,000, ba tare da sammacin bincike ba. Kotu ta ce irin wannan sai da sammaci. Kuma ba hukuma kaɗai ba ce abin tsoro. A 2024 hukumar sadarwar Amurka ta ci tarar manyan kamfanonin waya huɗu kusan dala miliyan 200 saboda sayar wa dillalai damar sanin inda masu layinsu suke, kodayake kamfanonin sun garzaya kotu. Ni matar da ta gudu daga hannun mai dukanta nake tunawa. Ko unguwa kawai aka faɗa masa, ai ta isa.

Nura: Duk da haka ana ceton rai da bayanan turke. Wanda ya ɓace, ko ya yi hatsari bai san inda yake ba.

Malam Bashir: Ƙwarai, ba wanda zai musa. Har ma a ƙasashe da dama, in ka kira lambar gaggawa kamar 112, wayar da kanta take kunna GPS ta tura wurinka, don an ga awon turke kaɗai yana sa masu ceto yawon nema. Wannan kai ka kira, kai kake neman a same ka. Ajiye tafiye-tafiyen kowa da kowa na watanni wani abu ne daban, kuma a 2014 kotun Tarayyar Turai ta soke dokar da ta tilasta wa kamfanoni yin hakan.

Nura: To mutum ya canza layi mana.

Malam Bashir: Layi yana da lambarsa, ita ma wayar tana da tata, IMEI. Ka sa sabon sim a tsohuwar waya, kamfani ya ga wayar jiya ce. Akwai kuma turakun bogi da ake ɗauka a mota, su yaudari wayoyin da ke kusa su bayyana lambobinsu. Sun fi samun sauƙi a 2G, shi ya sa wasu wayoyin Android yanzu suke ba ka damar kashe 2G gaba ɗaya. In wayarka tana da shi, ka kashe.

Hadiza: Saka waya a yanayin jirgin sama, wato airplane mode, fa, Malam?

Malam Bashir: Yana yanke magana da turke, muddin yana kunne. Amma kina cire shi, wayar za ta yi rajista da turken da ta samu a wurin, kuma ba za a iya kiran ki a tsakani ba sai ta intanet.

Hadiza: Mun gode, Malam. Nura, sannu da ƙoƙari. Jama'a, sai mun haɗu a shiri na gaba.