John Akomfrah da tsofaffin faifan Ghana

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhin yau kan John Akomfrah ne, ɗan fim ɗin da aka haifa a nan Accra a 1957, danginsa suka yi ƙaura zuwa Ingila bayan juyin mulkin 1966 da ya kifar da Nkrumah.

Wanda ya saba da fim mai jarumi da mugu da auren ƙarshe zai sha mamaki a wurinsa. A 1982 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Black Audio Film Collective, a 1986 suka fito da Handsworth Songs, kan tarzomar da ta ɓarke a Birmingham a 1985. Bai tsaya bayar da labari daga farko zuwa ƙarshe ba. Tsofaffin hotunan labarai ya tono, na baƙaƙen fata suna sauka daga jirgin ruwa da kwat da akwati a hannu, ya jera su da na 'yan sanda riƙe da garkuwa, ya ɗora sauti mai nauyi a kai, ya bar mai kallo ya haɗa da kansa. Wasu sun kushe fim ɗin, amma ya ci kyautar Grierson, wadda ake ba finafinan gaskiya a Birtaniya. Aikinsa na 2015, Vertigo Sea, allo uku ne suke tafiya lokaci guda: kifin whale, jiragen bayi, masu tsallaka teku neman rayuwa.

To ga inda abin ya shafe mu. Jarin wannan mutum tsohon faifai ne, mu kuwa namu mun yi sake da shi. A 1996 aka sayar da kaso mafi tsoka na kamfanin fina-finan gwamnati ga wani kamfanin Malesiya, faifai masu yawa suka lalace a ajiya. Da yawa daga hotunan zamanin Nkrumah da suka tsira, a Landan aka adana su. Gidajen siliman da iyayenmu na Nima da Sabon Zango suke yi wa layi da dare kuma, wasu sun koma coci, wasu shaguna.

Ghana ta baje aikinsa a bikin fasaha na Venice a 2019, Birtaniya ta tura shi da sunanta a 2024. Ya kamata masu kula da al'adu su kafa farin allo a Nima ko Mamobi, su haska mana Testament, wanda ya ɗauka a ƙasar nan ya fitar a 1988, kan wata mata da ta dawo gida shekaru bayan juyin mulki.