Fadar Alhamra ta Garanada: Ziyarar da Na Kai Bayan Wata Uku Ba Ku Ji Ni Ba

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa bayan tsawon lokaci. Da yawa daga cikinku kun aiko da saƙo kuna tambayar ko lafiya, ganin an shafe wata uku ban saki ko bidiyo ɗaya ba, kuma ya dace in amsa wannan tambaya kafin mu shiga abin da ya tara mu. Mahaifiyata ce ta kwanta rashin lafiya har aka yi mata aiki, ni da yayata muka riƙa karɓa-karɓar jinya, har Allah Ya tashi kafaɗunta. Yanzu tana takawa da ƙafarta, kuma ta ce in isar muku da godiyarta bisa addu'o'inku. Sai da ta miƙe sannan na amince da wata tafiyar aiki zuwa Sifaniya wadda na daɗe ina ɗagawa, da aikin ya ƙare kuma na ware kwana biyu na gangara kudu, birnin Garanada, domin in ga fadar Alhamra da idona.

Sunan ya fito ne daga Larabci, "alhamra", wato ja, kuma da kun dubi hoton da ke gabanku za ku ga dalili: ganuwar da hasumiyoyin da jar ƙasar wurin aka gina su. Daga waje babu ado ko kaɗan, kai ka ce sansanin soja ne kawai, kuma da farko hakan yake. Muhammadu na Ɗaya, wanda ake kira Ibn al-Ahmar, shi ne ya kafa daular Banu Nasr, ya fara gina wurin a shekarar 1238, a lokacin da manyan biranen Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka, ke ta kuɓucewa daga hannun Musulmi: Kurɗuba ta faɗi a 1236, Ishbiliya ta bi bayanta a 1248. Garanada ce ta rage, ta kuma ci gaba da tsayuwa kimanin shekara 250.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan bidiyo shi ne batun ruwa, domin a ganina shi ne ran wurin baki ɗaya. Tudun Sabika, inda fadar take, yana can sama da birni, kogin Darro kuma yana gudana a ƙasansa cikin kwari. Yaya za a kai ruwa sama ba tare da inji ba? Magina suka bi kogin zuwa can gaba cikin duwatsu, kimanin kilomita 6, har suka kai inda ruwan ya fi fadar tudu, suka datse shi a nan, sannan suka haƙa magudana a jikin dutse mai gangarowa a hankali, ta yadda nauyin ruwan ne da kansa yake tura shi. Wannan magudana ta fara ratsa lambunan Janaralife, inda sarakuna ke hutawa lokacin zafi, daga nan ta tsallaka wata gada ta shiga cikin ganuwa, ta rarrabu zuwa gidaje da wuraren wanka da masallaci da maɓuɓɓugai. A lambun akwai wata matattakala da ruwa ke gudana ta cikin makarin hannunta hagu da dama, mai hawa yana iya tsoma hannunsa yana tafiya. Na tsaya a wurin na kashe kyamara na ɗan lokaci, saboda ƙarar ruwan ta fi duk abin da zan iya ɗauka. Duk wanda ya shiga Alhamra ya yi ta ɗaukar hoton bango bai saurari ruwa ba, to rabin ziyarar ya yi.

Yanzu mun shigo sashen da Sarki Yusuf na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354, ya bar wa tarihi. Wannan doguwar tsakar gida tana da tafki mai tsawon mita 34, kuma an daidaita shigar ruwa cikinsa a hankali ƙwarai domin kada ya motsa, sai ya zama madubi da hasumiyar Komares ke bayyana a cikinsa. A cikin hasumiyar, wadda tsayinta ya kai mita 45, akwai zauren da sarki yake karɓar jakadu. Ku ɗaga kai tare da ni ku dubi rufin. An haɗa shi ne da guntayen katako sama da 8,000, an jera su hawa-hawa cikin siffar taurari domin su nuna sammai bakwai, a ƙasansu kuma an zagaye zauren da ayoyin Suratul Mulk. Jakadan da ya shigo gaishe da sarki, a ƙarƙashin surar da ta buɗe da cewa mulki a hannun Allah yake zai tsaya.

A kan kusan kowane bango akwai jumla guda da aka maimaita ba adadi, ita ce taken gidan sarautar: "Wa la galiba illallah", ma'ana babu mai rinjaye sai Allah. Masu yawon buɗe ido da yawa suna wucewa suna ɗaukar ta a matsayin zane, amma wanda ya iya karatun baƙi zai ga cewa bangon magana yake yi. Ni da na fito daga watannin zaman asibiti, inda mutum ke ganin iyakar dabararsa da ta likita, na karanta ta na kasa gaba na ɗan lokaci. Waɗanda suka rubuta ta ma ba masu ƙarfi ba ne a zamaninsu, domin sarakunan Banu Nasr sun sha biyan haraji ga masarautar Kiristoci ta Kastil don a bar su su zauna lafiya. Ko kayan da suka yi adon da su ba na tsada ba ne, filasta ce da katako da tayil, hannun masu sana'a ne ya mai da su abin da muke gani.

Daga nan sai Farfajiyar Zakuna, wadda Muhammadu na Biyar, ɗan Yusuf, ya gina. Ginshiƙai sirara 124 na farin dutse ne suka kewaye ta, a tsakiya kuma zakuna 12 suna ɗauke da babban kwano, ruwa yana fitowa daga bakin kowanne, ga kuma ƙananan magudanai huɗu da suka haɗa maɓuɓɓugar da ɗakunan da ke ɓangarori huɗu na farfajiyar. A gefen kwanon an sassaƙa baitocin Ibn Zamrak, mawaƙin fada kuma waziri. Ɗakunan da ke gefe suna da rufi mai kama da saƙar zuma, dubban ƙananan ramuka na filasta da hasken tagogi ke wasa a cikinsu tun safe har yamma.

Ranar 2 ga Janairu, 1492, sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi Muhammadu na Sha Biyu, ya miƙa birnin ga sarakunan Kirista na Sifaniya, Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela. Yarjejeniyar da aka ƙulla ta ba Musulmi damar ci gaba da addininsu, amma kafin shekara goma an saɓa ta, aka tilasta musu sauya addini, kuma daga 1609 aka fara korar zuriyarsu daga Sifaniya. Jikan Fadinan da Isabela, Sarki Sharl na Biyar, ya sa aka fara gina tasa fadar a cikin harabar a 1527, babban gini mai kusurwa huɗu da tsakar gida zagayayya, an kuma gina coci a inda babban masallacin yake. A 1812 sojojin Faransa suka tarwatsa wasu hasumiyoyi lokacin da za su janye. A 1984 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Ga mai niyyar zuwa, abu mafi muhimmanci shi ne ya sayi tikiti ta intanet tun da sauran makonni, domin adadin masu shiga a ƙayyade yake. Tikitin da sunan mutum yake fitowa, saboda haka a tafi da fasfo. Sashen fadojin Banu Nasr kuma yana da lokacin shiga da aka rubuta a jikin tikitin, wanda ya makara ya rasa. A ware aƙalla awa uku, a sa takalmi mai daɗin tafiya, domin hawa da gangara suna da yawa.

Da yamma na tsallaka zuwa tsohuwar unguwar Albaisin da ke fuskantar fadar, na yi sallar la'asar a masallacin da aka buɗe a can a 2003, sannan na tsaya a lambunsa na kira Mama ta bidiyo na juya mata wayar. Ta daɗe tana kallon jar ganuwar da duwatsun Siyera Nebada a bayanta, sai ta tambaye ni ko ruwan da na ba ta labari yana gudana har yanzu, na ce mata da hannuna na taɓa shi da safe.

Na dawo gida makon jiya, na koma bakin aiki, kuma har yanzu ni nake kai Mama ganin likita duk bayan mako biyu. Saboda haka bidiyoyi za su riƙa fitowa sau biyu a wata maimakon kowane mako, har zuwa lokacin da za a sallame ta gaba ɗaya. Na gaba zai kai mu Kurɗuba, inda na tsaya a hanyar komawa na ɗauko muku babban masallacinta, in Allah Ya yarda.