Lacca: Yadda Muka Koma Daga Ɓuya Zuwa Neman a Ƙirga Mu Sau Biyu

Jama'a, abu uku zan faɗa kan ƙidayar jama'a a Najeriya, in lokaci ya bar mu. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Na farko, in masana suka ce alƙaluman jama'a, ba jimillar kawuna kaɗai suke nufi ba. Akwai shekaru, maza nawa, mata nawa, haihuwa, mutuwa, ƙaura. Da su ake sanin aji nawa za a gina, ungozoma nawa za a horar. Mu kuwa da an ce ƙidaya, tambayarmu ɗaya: wa ya fi wani yawa?

Nan nake so mu ɗan zauna. Zamanin Turawa, ƙidaya ƙanwar haraji ce. Da malamin haraji ya shigo gari sai a tura samari gona, Bafillace ya kora shanu daji don gudun jangali. Kowa ɓuya yake. Kowa fa! Da kujerun majalisa da rabon kuɗin ƙasa suka koma bin yawan jama'a, sai reshe ya juye da mujiya. Wanda kakansa ya ɓuya a rumbu, shi ke neman a ƙirga shi sau biyu. (Dariya.) Ƙidayar 1962 soke ta aka yi, aka sake a 1963, aka samu miliyan 55.6, rigima har gaban kotu. Ta 1973 ta ce miliyan 79.8, Janar Murtala ya yi watsi da ita a 1975. A 2006 aka ce miliyan 140: Kano 9.4, Legas 9.1. Legas ta ce sam, ita ta haura miliyan 17.

Na uku... af, na biyu ko? To, alkunya. Ka tambayi uwa 'ya'yanta nawa, ta sunkuyar da kai, ta tsallake ɗan fari. Ma'aikacin da bai san wannan ba, ya yi asarar mutum guda.

Na'am, ɗana, ina jinka. Addini? A'a, takardar 2006 ba ta tambayi addini ko ƙabila ba, gwamnatin Obasanjo ce ta cire su. Wanda ya ce maka ga yawan Musulmi ko Kirista daga waccan ƙidayar, tambaye shi shafi na nawa. Wadda aka shirya a 2023 kuma ɗage ta aka yi dab da saukar Buhari, shi ya sa "sama da miliyan 200" ɗin da kuke ji a rediyo ƙiyasi ne. Ga ladan can ya fara, sai mu tashi.