Amsoshin Tambayoyinku: Koyon Kiɗan Jaz Irin na Sudan

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙar farko daga wani saurayi ce a Maiurno. Ya ce ya sayi jita ta hannu, yana son ya iya jaz irin na mawaƙin nan na Sudan, Sharhabil Ahmad, amma darussan da yake bi a YouTube duk na Amurkawa ne, in ya kaɗa kuma ba ya jin ɗanɗanon gida.

To ƙanena, jitarka lafiyarta ƙalau, malaman ne ba naka ba. Abin da mutanen Khartum suke kira jaz tun shekarun 1960 daban yake da na Amurka. Kiɗan taron makaɗa ne masu jitar lantarki da ƙahonni da jerin ganguna, an gauraya salon Kwango da na Turawa da na gida. Busa ƙahonnin ma, da yawa daga cikin makaɗan a wajen 'yan badujalar soja da na 'yan sanda suka koya. Shi Sharhabil, haifaffen Omdurman a 1935, a kan matakan sauti biyar ya ɗora kiɗansa, wato khumasi, kuma kunnenka ya san su tun kana goye, don garaya da goge ma galibi a kansu suke tafiya.

Saboda haka kama do, re, mi, sol, la, ka tsallake fa da si. Zaɓi ɗan guntun waƙa, ka rera shi da baki har ya zauna, sannan ka neme shi a tsirkiya ɗaya. Amma fa gumin yana hannun dama. Je gidan biki ka tsaya inda kake jin dalluka, gangar da mata ke kaɗawa a biki, sosai. In ka dawo, danne tsirkiyoyin da yatsun hagu kada su yi amo, ka yi ta karta su daidai da bugun tumtum, wato salon kiɗan da ake yi da dallukar. Yatsu za su yi kanta, 'yan gida za su yi ƙorafi, sai haƙuri.

Sai wata baiwar Allah daga Kassala, tana tambaya ko mace tana riƙe jita a wannan fage. Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. Zakiyya Abul Ƙasim, matar Sharhabil, a cikin makaɗansa ta riƙa kaɗa jita, ita ake lissafawa ta farko a matan Sudan. Kafin ita ma A'isha al-Fallatiyya, jinin Hausawa, ta shiga Rediyon Omdurman da waƙa a farkon shekarun 1940. Ki dai fara shawara da magabatanki.

Mai tambaya kan farashin saksafon, ka dakace mu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.